Bugu Takwas na Shiru

3 ga Fabrairu

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar nan? Ina fata idon da aka yi wa aiki ya daina ruwa, kuma kina sa tabarau yadda likita ya ce, ba rataye shi a ƙusa ba kamar yadda na tarar wancan zuwan. Ni lafiya lau, sai mura da ta kama ɗakinmu gaba ɗaya, mu huɗu muna tari bi da bi.

Inna, jarrabawar ƙarshe ta matso, ranar ashirin ga Mayu ce. Kowane ɗalibi zai kawo waƙa guda, ya rubuta karinta a takarda, ya faɗi tarihinta da yadda aka gina ta, sannan ya rera a gaban malamai uku. Wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara. 'Yan ajinmu duk waƙoƙin littafi suka ɗauko. Ni kuwa na zaɓi wadda Umma take yi a kan keken ɗinki, wadda na tashi ina ji a shago. Bayan rasuwarta na tsinci wani kaset a akwatin zare, ashe Baba ne ya ɗauke ta tana aiki ba ta sani ba. Daga shi na rubuta.

Bari in ɗan yi miki karatu, ki ga ba zaman banza nake yi ba. Kari shi ne hanyar da murya take bi, hawa da sauka, ko da an cire kalmomin. Guntun karin da mutum zai rera da numfashi ɗaya muna ce masa jimla, inda jimlar ta tsaya kuma masauki. In ta tsaya a sama, kunne yana jin da saura, sunanta tambaya. In ta sauka ƙasa kunne ya huta, wannan ita ce amsa. Malaminmu, da muke kira Malam Ɗaya-Biyu don ko tafiya yake yi yana ƙirge, ya ce yawancin waƙoƙi haka suke tafiya, bugu takwas na tambaya, takwas na amsa.

Na sa miki kaset a ambulan ɗin nan, ni ce na rera da fiyano. Ga waƙar Umma nan cif, ba ta buƙatar kowa, mutum ɗaya zai yi ta daga farko har ƙarshe. Abin da nake roƙo shi ne tarihinta. Yaushe aka fara ta, wa ya ƙirƙiro? Ke ce yayarta, kun yi shago ɗaya kafin ki tashi, ke kaɗai kika rage da za ki sani.

Taki,
Mai Gwangwani

19 ga Fabrairu

'Yata Mai Gwangwani,

Takardarki ta iso ranar Laraba. Ƙafa da sauƙi. Ido kuwa alhamdu lillahi, har zare nake sa wa allura da kaina, abin da na fi shekara goma ban yi ba. Tabarau yana kan hancina yanzu haka, ki daina yi mini sa ido daga nesa. Ki sha ruwan ɗumi don murar nan, ki bar wanka da ruwan sanyi da sassafe.

Na karanta karatunki sau biyu. Ashe abin da kike yi da cokali da gwangwanin madara kina shekara uku, har kan jama'a ya yi ciwo, shi ne yanzu ake ba wa mutum takardar shaida a kai. Allah ya ba da sa'a. Malamin naku ki ce masa ya riƙa duban gabansa in yana ƙirge, kada ya faɗa kwata.

Na ari rakodar mai kemis na gabanmu na saurari kaset ɗin. Muryarki ta uwarki Auta ce sak, har sai da na waiwaya. Rabin farko na san shi: “Na haɗa gaba, na haɗa baya, ina hannun riga?” Wannan nata ne, ba ki rage komai ba. Abin da ya biyo baya kuwa ban taɓa jinsa ba. In haka ta mayar da ita, to waƙarta ce, tana da ikon ta yi yadda ta so. Kin ce ba ta buƙatar kowa. Na ji.

Tarihi ba ni da shi. Ki rubuta musu cewa wata tela ce ta yi, ta rasu, Allah ya jiƙanta. Kada ki ƙara tambayata wannan magana. Na mayar wa mai kemis rakodarsa.

Innarki

2 ga Maris

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na ji daɗin labarin ido. Mura ta tafi, ta koma ɗakin da ke kusa da namu.

Wasiƙarki ta fara da dariya ta ƙare da abin da ya hana ni cin abinci. Na juya ta gaba da baya ina neman laifina. In fiyanon ne ya ɓata miki rai, sai in cire shi, dama Umma ba ta taɓa ganin fiyano ba. In kuma kina ganin bai dace in kai waƙar wadda ta rasu gaban baƙi su ba ta maki ba, na fahimta, ni ma abin ya taɓa tsaya mini a rai. Amma wallahi ba don in yi suna da ita na ɗauko ba. Tsoro nake ji kada wata rana in tashi in ga na manta yadda take hawa a kan “hannun riga”. In tana takarda ba za ta ɓace ba.

Sauya waƙa kuma ya wuce, mun riga mun miƙa sunayen tun makon jiya. Ko da layi biyu ne ki rubuto mini. In na yi kuskure ki faɗe shi fili, kin fi kowa iya wannan.

'Yarki

27 ga Maris

Innata,

Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu na ofis, har mai gadi ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. In ƙafar ce ta tashi, ki sa a sanar da ni.

Yau zan faɗa miki abin da ya kamata in faɗa tun farko, kunya ce ta hana ni. Ranar Litinin na rera wa Malam Ɗaya-Biyu waƙar. Yana buga yatsa a tebur har na gama tambaya, da na shiga amsa sai yatsan ya tsaya. Ya ce, “Tambayar nan ta mai aiki ce. Amsar kuwa ta ɗalibi ce mai son maki. Kawo mini asalin.”

Inna, gaskiya ya faɗa. Amsar nan ba ta Umma ba ce, ni na ƙirƙiro ta. A kaset ɗin Baba, Umma tana yin tambaya sai ta yi shiru, keke kaɗai ke tafiya, can sai ta sake farowa. Haka na tashi ina jin ta, na ɗauka numfashi take mayarwa ko zare take gutsurewa. Da na zo rubutawa na ga rabin shafi fayau, sai na ji kunyar kai waƙa mai ɓaraka gaban malamai, na yi mata faci. Na aiko miki a haka don ki yaba mini, ban ce uffan ba.

Da na kai masa asalin, ya saurara ido a rufe yana ƙirga da yatsu. Sau bakwai ta yi tambaya, sau bakwai ta yi shiru, kowane shiru bugu takwas ne daidai, ba ragi ba ƙari. Ya ce, “Mai mantuwa ba ya ƙirga shirunsa haka. Matar nan jira take yi.” Ya ce ba zai sa hannu a kan facina ba. Ko in nemo amsar gaskiya, ko in shiga jarrabawa da rabin waƙa in ga abin da sauran malaman za su ce.

Na kwafe miki asalin kaset ɗin, ga shi nan. Baba ya rubuta shekara a jikinsa, shekara uku ke nan kafin ta rasu. Ba zan ƙara tambayarki tarihi ba, tunda kin hana. Ina so dai ki ji muryarta yadda take, kada ki riƙe ta da laifin da nawa ne.

Ki yafe mini.
Mai Gwangwani

9 ga Afrilu

'Yata,

Lafiyata lau, ƙafa ba ta da laifi a shirun nan. Ni ce. Takardarki ta biyu ga Maris tana ƙarƙashin dutsen guga, na ɗauko biro ya fi sau biyar ina ajiyewa.

Kaset ya kwana uku a kan tebur kafin in koma wurin mai kemis. Ya ce, “Inna, ko dai kin buɗe gidan rediyo ne?” Na ce ya ba ni kayansa ya bar surutu. Na kulle ƙofa na kunna. Da ta ce “ina hannun riga” ta yi shiru, bakina ya buɗe da kansa. Ni take jira.

Kina da shekara huɗu na bar shagon, ba za ki tuna ba. Ɗan siriri ne, in mutum ya miƙe hannu biyu zai taɓa bango da bango. Kekunanmu baya da baya suke, ita tana duban ƙofa don masu kawo ɗinki, ni ina duban taga don haske. In makarantu za su koma, kayan 'yan makaranta sukan taru har rufi. Muka raba aiki, ita jikin riga, ni hannu. Keke biyu na ƙara, in ka yi magana ba a ji, in ka juya kuma layi ya karkace. Sai Auta ta fara tambayata da waƙa, don waƙa tana ratsa ƙarar keke. Ni kuma in amsa. In hannun bai gamu ba sai in ce, “Yana kan allura, sake zagayowa,” in bar muryata a sama. Sai ta sake farowa. In ya gamu sai in ce, “Ga shi ta kafaɗa, karɓi naki,” in sauke murya ƙasa, in miƙa mata ta kan kafaɗa ba tare da na juya ba. Ko kalmomin ba ta ji ba, hawa ko saukar muryar ya ishe ta. Tarihin ke nan, ba wani sarki ba wani yaƙi. Ki rubuta musu.

Sauran kuma naki ne, ba na malamai ba. Idona ya fara hazo ban faɗa wa kowa ba. Ina ɗinki ina ganin layina a miƙe, ga shi ba wanda ya taɓa dawo da riga, sai na ce ashe da saurana. Wata safiya na riga lokacina zuwa shago, na tarar da uwarki zaune da reza tana farke hannayen da na ɗinka jiya, ga kwando cike da guntayen zarena a ƙarƙashin teburinta. Ashe wata shida ke nan tana sammako tana gyara aikina. Ta ce, “Yaya, ɗan gyara ne.” Ni da na koya mata riƙe almakashi! Na ce tunda aikina ya zama abin farkewa, ta ɗinka hannun da kanta. Ranar na sa aka ɗora kekena a amalanke. Da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki muka bar garin, sai kowa ya ɗauka dalilin ke nan, ni kuma na bar su a haka.

Shekara goma sha huɗu har ta rasu, sai gaisuwar baki in mun haɗu a cikin dangi. Ta rubuto sau biyu ban amsa ba. Girman kai ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Rufa mini asiri take yi, ni kuma na ɗauke shi raini.

Da na ji kasetinki na farko, na ji an cike wurina da wani abu, ga shi kin ce waƙar ba ta buƙatar kowa, sai na ce shi ke nan, Auta ta ɗinke gurbina kafin ta tafi. Zuciyata ta karye, na huce a kanki. Yanzu na lissafa da shekarar da babanki ya rubuta. Shekara goma sha ɗaya bayan tafiyata tana bar mini wurina, bugu takwas, in ji malaminku. Na yi kuka har mai kemis ya ƙwanƙwasa yana tambaya ko rakodar ce ta ja ni da wuta.

Na ƙara aro ta mai aski, na jera su biyu, ɗaya na kunna Auta, ɗaya na ɗauka. Karon farko murya ta ƙi fita. Na biyu na makara shiga. Na uku shi ne wannan da na aiko. Sau shida na bar ta a sama, a na bakwai na sauke. Ba laifinki da zan yafe. Faci kika yi don ki rufa wa uwarki asiri, halinta kika ɗauko.

Innarki

21 ga Afrilu

Innata,

Na gode wa Allah da kike lafiya. Ni ma lau nake, sai dai idona ya kumbura, ke kika ja.

Ban taɓa jin waƙar nan a cike ba sai ranar Asabar. Na saurara ni kaɗai a ɗakin fiyano, na ji Umma ta tambaya, na ji an amsa mata. Sau goma na mayar. 'Yan ɗakinmu sun zo nemana, suka zauna a ƙasa.

Malam Ɗaya-Biyu da ya ji sai ya miƙe tsaye. Ya ce shekara ashirin yana koyar da masaukin sama da masaukin ƙasa, yana zana su a allo, bai taɓa ganin inda aka sa su aiki kamar almakashi ba. Ya ce amsarki ta farko buɗaɗɗiya ce, tana mayar da waƙa baya, ta biyu rufaffiya, tana kulle ta. Ya sa hannu a takardata nan take. Ya kuma ce in gaya miki bai taɓa faɗawa kwata ba, sau ɗaya dai ya yi karo da ƙofar gilashi.

Saura matsala biyu. Ta farko, a takarda dole in rubuta tsarin waƙar, wato sau nawa ake zagayowa kafin a rufe. Bakwai zan sa, ko kuwa? Ta biyu, waƙar yanzu ta mutum biyu ce, ga shi ba a yarda a kunna kaset a ɗakin jarrabawa ba. Wata 'yar ajinmu ta ce za ta koyi naki. Muryarta da daɗi, amma tana yin sa kamar mai karanta sanarwa. Zan yi haƙuri da ita, tunda ba yadda zan yi. Ki dai faɗa mini adadin kafin goma ga Mayu.

'Yarki mai ƙaunarki,
Mai Gwangwani

3 ga Mayu

Mai Gwangwani,

Lafiya lau, ƙafa har kasuwa take kai ni ta dawo da ni. Ki sa tsumma mai sanyi a idon nan, kada ki tsaya gaban malamai kamar wadda zuma ta harba.

Adadi kike tambaya. Ba ta da adadi. Hannun rigar ɗan aji ɗaya zagaye uku ne, na babban yaro biyar, in zare ya tsinke har tara mukan kai. Waƙar ba ta san tsawonta ba sai hannu ya gamu. Haka za ki rubuta, in sun ce takarda ba ta da gurbin wannan su ƙara mata.

'Yar ajin naku ki yi mata godiya, ki ce ta huta. Ba laifinta ba ne, ba ta da komai a ƙarƙashin allura, ta yaya za ta san lokacin sauka? Na riga na yi magana da direba, ranar sha takwas zan taso da motar safe, ki tare ni a tasha. Ki gaya wa malamin naku ya nemo keken ɗinki guda biyu na takawa, a sa musu mai, a jera su baya da baya a ɗakin jarrabawar. Makaranta guda ba za a rasa keke ba. Yadi ni zan zo da shi, na riga na yanka, jiki uku da hannu shida. In malaman sun ga abin baƙo ne, su yi haƙuri, a ƙarshe ma ga riga sun samu.

Na san ɗinkinki, layinki kamar hanyar tururuwa yake, amma kwana biyu sun isa in miƙar da shi, kuma in na farke miki ba a ɓoye zan yi ba. Ke za ki zauna a wurin Auta, ki dubi ƙofa, ki ba ni baya. In kin yi tambayar ki yi shiru, kada ki cike komai, ki ci gaba da taka kekenki. Zan amsa.

Innarki